Sifili Mai Alama: +0 da −0

Sifili mai alama shi ne sifilin da aka sa wa alamar tarawa ko ta debewa a gaba, wato +0 ko −0. A lissafin da kowa ya sani babu wani bambanci tsakaninsu, sifili dai sifili ne, shi ne iyakar da ta raba lambobin da suka ɗara shi da waɗanda suka gaza shi. Tun shekarar 628 masanin lissafin nan na Indiya, Brahmagupta, ya rubuta ƙa'idojin aiki da sifili, kuma har gobe in ka ce −0 daidai yake da +0 ba wanda zai ja da kai.

To amma alamar tana da rana in ana maganar ta wane gefe aka matso kusa da sifili. Raba 1 da 0.1 ka samu 10, raba shi da 0.001 ka samu 1000, kana ƙara matsowa amsar na ta hauhawa ba iyaka, yanzu biyo ta ɗaya gefen da −0.1 da −0.001 sai ka ga amsar ta gangara −10, −1000, haka dai ba tsayawa. Shi ya sa a kalkulas, wato reshen lissafi da ke nazarin yadda abubuwa ke canzawa, ake rubuta 0⁺ da 0⁻. Lambar ɗaya ce, hanyar da aka biyo ake nunawa.

A kwamfuta ne fa sifilin ya rabu biyu da gaske. Ƙa'idar IEEE 754 ta yadda kwamfuta ke adana lambobi, da ta fito a 1985, wadda masanin lissafi William Kahan na cikin manyan waɗanda suka tsara ta, ta ware bit guda (bit shi ne ƙwayar bayani mafi ƙanƙanta a kwamfuta, 0 ko 1) don alama kaɗai, don haka ko duk sauran bit ɗin sifili ne, wannan gudan zai iya zama 0 ko 1. Lambar da ke ƙasa da sifili in ta matso kusa da sifili sosai har kwamfuta ta kasa riƙe ta sai ta koma −0, girmanta ya ɓace amma ba a manta gefen da ta fito ba, kuma a ganina wannan dabara ce mai kyau ƙwarai. In ka kwatanta +0 da −0 kwamfuta za ta ce daidai suke, amma raba 1 da +0 ta ba ka rashin iyaka ta sama, raba shi da −0 ta ba ka ta ƙasa. A JavaScript ma, wani harshen rubuta manhajar kwamfuta, 0 === -0 gaskiya ne, wato daidai suke, amma umarnin Object.is zai nuna maka bambancinsu.