Waiwaye: Ƙishirwar Ruhi a Rubuce-rubucen 'Yan Beat na Amurka

Bayan Yaƙin Duniya na Biyu, lokacin da Amurka ke ninƙaya cikin wadata tare da fargabar makamin nukiliya, wasu matasan marubuta da aka yi wa laƙabi da 'yan Beat suka yi wa al'adar tara abin duniya tawaye. Jaridun zamanin sun ɗauke su 'yan shaye-shaye marasa tarbiyya, kuma zargin yana da ƙamshin gaskiya, amma duk wanda ya karanta ayyukansu da idon basira zai ga cewa ƙishirwar ruhi ce ta fi damunsu.

Ba su suka fara irin wannan nema ba, domin tun ƙarni na 19 marubutan Amurka Emerson da Thoreau suke karanta littattafan addinin Hindu, Emerson ma har ya fassara baitocin Hafiz na Farisa daga Jamusanci.

A cikin 'yan Beat, labarin Allen Ginsberg ne ya fi taɓa zuciya. Bayahude ne, kuma a 1948, yana ɗakinsa a unguwar Harlem ta birnin New York, ya ce ya ji muryar William Blake, mawaƙin Ingila da ya rasu tun 1827, tana karanta masa waƙa. Ya shafe kusan shekara goma sha biyar yana neman dawo da wannan hali, har da taimakon ƙwayoyi, kafin tafiyarsa Indiya a 1962 ta fara sauya masa tunani. Da mahaifiyarsa ta rasu a 1956, ba a karanta mata Kaddish, addu'ar mamaci ta Yahudawa ba, saboda mazan da suka halarta ba su kai goman da ake buƙata ba. Doguwar waƙarsa mai wannan suna, wadda ta fito a 1961, kamar biyan bashin addu'ar nan ce.

Shi kuwa Jack Kerouac a gidan Katolika ya tashi, ya duƙufa kan nazarin addinin Buddha daga wajen 1954, yana kuma dagewa cewa kalmar Beat tana da nasaba da tsarkaka da samun albarka. Giya ta ci ƙarfinsa, ya rasu a 1969 yana da shekara 47, aka yi masa jana'iza a cocin Katolika a garinsu Lowell.

A ganina Gary Snyder ne ya fi sauran haƙurin bin hanya yadda masu ita suka shimfiɗa ta. Ya tafi birnin Kyoto na Japan a 1956, ya koyi Japananci, ya yi shekaru yana zaman almajiranci da halwa a gaban malaman ɗariƙar Zen ta addinin Buddha. Daga baya Ginsberg ma ya miƙa wuya ga wani malamin Buddha ɗan Tibet, Chogyam Trungpa, kuma a 1974 shi da marubuciya Anne Waldman suka buɗe makarantar waƙa a cibiyar Naropa da ke garin Boulder na Amurka, suka sa mata sunan Kerouac.