Idan ka goge kwamfuta ka ɗora Windows 11, ina makomar lasisinka?

Duk wanda ya taɓa riƙe filashi a hannu yana shirin yi wa kwamfutarsa fomatin ya san fargabar nan: idan na share komai tas, lasisin ma zai bi ruwa ke nan? Amsar ita ce ba zai bi ba, muddin na halal ne tun asali. Sai dai a wannan "muddin" ɗin ne gizo ke saƙa.

A fara da abin da yarjejeniyar ta ce, wato doguwar takardar nan da kowa ke danna wa "Accept" ba tare da ya karanta ko layi ɗaya ba. Kamfanin Microsoft bai sayar maka da Windows ba, izinin amfani da ita ya ba ka, kwafi ɗaya a kan na'ura ɗaya. Izinin kuwa ba fayil ba ne da ke kwance a hadis ɗinka (hard disk, wurin ajiyar kwamfuta), balle fomatin ya cinye shi.

A zamanin Windows 7, shaidar izinin wata 'yar takarda ce da ake mannawa a ƙarƙashin laftof, ɗauke da mabuɗi mai haruffa da lambobi 25, biyar-biyar gida biyar. Zafi da gogar cinya sukan kankare rubutun, ka ga mutum ya kifa laftof yana haska tocila yana gardamar ko B ce ko 8. Daga Windows 8 a 2012 manyan masu ƙera kwamfuta suka koma binne mabuɗin a cikin madabod, wato allon injin. Da Windows 10 ta fito ranar 29 ga Yulin 2015 kuma sai aka zo da lasisin dijital. Ranar da aka fara tabbatar da Windows a kwamfutarka, takan aika wa sabar Microsoft, wato babbar kwamfutar kamfanin da ke ajiye bayanai, wata shaida da aka haɗa daga kayan cikinta, musamman madabod, a rubuta cewa wannan inji yana da izinin Windows iri kaza. Kamar lambar shasin mota ce: sake fenti, sauya kujeru, lambar tana nan. Ka goge hadis sau goma, ko ka cire shi ka sa SSD, ka ƙara RAM, da zarar kwamfutar ta hau intanet sabar za ta gane ta.

Shi ya sa idan ana cikin ɗorawa aka tambaye ka mabuɗi, ba sai ka tayar da hankali ba. Akwai ɗan rubutu a ƙasa, "I don't have a product key". Danna shi ka wuce. Kuma ba dole ne ka fara sabuntawa daga 10 zuwa 11 ta cikin Settings kafin ka yi gogaggiyar ɗorawa ba. Lasisin Windows 10 na halal yana karɓar 11 kai tsaye, kyauta.

Inda mutane suka fi faɗawa rami shi ne allon da ke biye, wanda ke tambayar wane iri kake so. An rubuta izininka ne da sunan iri guda. Mai Home zai ɗora Home, mai Pro zai ɗora Pro. Hatta "Home Single Language" daban take da Home zalla, duk da ido ba zai ga bambanci ba. Ka zaɓi wanda ba naka ba, sabar za ta duba littafinta ta ce ba ta san ka ba.

Na ga wannan da idona a laftof ɗin ƙanwata. Ta kai gyara, mai gyaran ya ce mata, "Hajiya, bari in sa miki Pro, ta fi ƙarfi." Ya ɗora, ya kunna ta da wata manhajar bayan fage, ya karɓi kuɗinsa. Bayan wasu watanni, tana tsaka da rubuta aikin makaranta, sai ga wani dusasshen rubutu ya fito a kusurwar allo ta dama daga ƙasa, "Activate Windows", ya kafe a kan komai har bidiyo, hoton bango ma ya ƙi sauyuwa. Da na bincika sai na tarar da mabuɗin Home na asali yana nan lafiya lau a madabod tun daga masana'anta. An ajiye halal an ɗauko haram, kuma ita ta biya kuɗin ɗaukowar. Babu wata sananniyar hanyar saukowa daga Pro zuwa Home sai an sake gogewa, haka muka kwana muna kwashe fayil. Maganar ƙarfi kuwa, Pro ba ta fi Home gudu ba ko kaɗan. Abubuwan da ta ƙara na ofisoshi ne, irin su haɗa kwamfutoci a ƙarƙashin kulawa ɗaya, mai rubuta aikin makaranta ba zai taɓa buɗe su ba.

Akasin haka ma yana faruwa. Idan injin ya zo da Home kai kuma daga baya ka sayi Pro da kuɗinka, mai ɗorawar zai karanta mabuɗin da ke madabod ya zuba maka Home ko tambayarka bai yi ba. Kuɗinka bai salwanta ba. Shiga Settings, sashen Activation, ka sa mabuɗinka na Pro, za ta hau.

To ta yaya mutum zai san irin lasisin da ke hannunsa kafin ya goge? Buɗe Command Prompt, wato tagar rubuta umarni ta Windows, ka rubuta slmgr /dli. Wani ɗan akwati zai fito da kalmar da ke fayyace komai. Idan ka ga OEM, lasisin da aka haifi injin da shi ne. A ƙa'ida tare suke rayuwa tare suke mutuwa: za ka iya sayar da laftof ɗin da lasisinsa, amma ba za ka cire shi ka kai wata kwamfutar ba. Idan RETAIL ka gani, galibi wanda aka saya daban ne, in kuwa haka ne kana da damar ƙaura da shi zuwa sabuwar na'ura da sharaɗin ka cire shi daga tsohuwar.

Idan kuwa ka ga VOLUME, musamman haɗe da KMS, to dakata. Wannan tsari ne da aka yi wa ma'aikatu da jami'o'i masu ɗaruruwan kwamfutoci. Izinin na kwana 180 ne, kwamfutar kan riƙa komawa sabar ma'aikatar tana sabuntawa. In kai ba ma'aikacin wurin ba ne kuma ka ga wannan a laftof ɗinka, abu biyu ne: ko ragowar tsohon ofishin da ya yi amfani da shi, ko kuma aikin manhajar satar da ke kwaikwayon sabar. Ko wanne ne, gogewa za ta tafi da shi, domin ba a taɓa rubuta sunan injinka da shi ba. Rubuta slmgr /xpr ma yana taimakawa: na dindindin zai ce na dindindin ne, na aro zai nuna ranar ƙarewa. A Najeriya dai Dokar Haƙƙin Mallaka ta 2022 ta lissafa manhajar kwamfuta cikin ayyukan da take karewa, don haka kunna Windows ta bayan fage ba saɓa wa kamfani kaɗai ba ne.

Wannan ya fi shafar masu sayen laftof na hannu, 'yan kwatano da ake jibgowa daga ofisoshin Turai da Amurka. Da yawansu, irin su ThinkPad da Latitude da EliteBook, an ƙera su ne don ma'aikatu, kuma galibi da mabuɗin Pro a binne suke zuwa. Sau da yawa gogewar ce ma ke fito da lasisin gaskiya da aka danne. Ni da zan ba da shawara, a gaban mai shagon za ka rubuta umarnin nan kafin ka ƙirga kuɗi.

Abin da ke iya raba ka da lasisin dijital da gaske shi ne sauya madabod, domin a wurin sabar sabuwar kwamfuta ce ta zo. Tun 2016 Microsoft ya ba da damar ɗaura lasisin a asusunka na Microsoft. Wanda ya yi haka kafin injin ya ƙone zai iya buɗe Activation troubleshooter, ya zaɓi cewa ya sauya kayan na'urar, ya maido da izininsa. Mai RETAIL ne ya fi cin moriyar wannan. Mai OEM, sai dai idan kamfanin da ya ƙera ne ya sauya masa allon a ƙarƙashin garanti.

Akwai kuma ƙofar da aka riga aka rufe. Tayin hawa Windows 10 kyauta daga 7 da 8.1 a hukumance ya ƙare ne ranar 29 ga Yulin 2016, amma tsofaffin mabuɗan sun ci gaba da aiki shekara bakwai bayan nan, har Satumban 2023 da aka toshe hanyar. Injin da ya riga ya hau kafin lokacin yana nan da izininsa. Takardar Windows 7 da ka adana a durowa kuwa ba za ta buɗe maka 11 ba.

Kada a haɗa lasisi da cancanta. Windows 11, wadda ta fito 5 ga Oktoban 2021, tana neman matakan tsaro biyu na injin, TPM 2.0 da Secure Boot, da RAM gig 4, da wurin ajiya gig 64, sannan a ɓangaren furosesa, wato ƙwaƙwalwar injin, na kamfanin Intel yawanci daga zubi na 8 (8th Gen) zuwa sama. Akwai dabarun tsallake shingen, kuma lasisin kan kama, amma Microsoft ya faɗa ƙarara cewa irin wannan inji ba shi da tabbacin samun sabuntawa. Haka ranar 14 ga Oktoban 2025 da aka yanke wa Windows 10: tallafi ne ya ƙare, ba izini ba. Kwamfutar za ta ci gaba da aiki da lasisinta, facin tsaro na kyauta ne ya tsaya, sai ga wanda ya shiga shirin ƙarin wa'adi.

Office kuwa, wato su Word da Excel, lasisinta daban, ba ruwanta da duk abin da aka faɗa a sama. Idan ba a ɗaure take da asusunka ba kuma ba ka da mabuɗinta, gogewa za ta tafi da ita. Wanda ke da wani ɓangaren hadis da BitLocker, makullin tsaron fayiloli na Windows, ya kulle, ya rubuta lambobin ceto guda 48 a takarda kafin ya taɓa komai. Ita kanta Windows ɗin, daga shafin Microsoft za ka sauko da ita da manhajarsu mai suna Media Creation Tool, a filashi mai aƙalla gig 8 wanda ba ka buƙatar abin da ke cikinsa, domin shi ma za a share shi. Kafin ka danna gogewa, leƙa Activation sau ɗaya ka tabbata an rubuta cewa lasisin dijital ne kuma yana haɗe da asusunka, ka ɗauki hoton allon da waya, sannan ka tabbata batir a cike yake ko janareto na kusa.