Ɗaukar karen da aka ceto: amsoshin tambayoyin da ake ta maimaitawa

Tambayoyin dai su ne kullum, kuma mafi yawan masu yin su sai kare ya kwana a gida suke tunawa da tambaya. Ga amsoshin wuri guda. A karanta kafin a ɗauko.

Mene ne ma gidan ceton karnuka?

Wuri ne da ake tara karnukan da aka yasar, ko aka tsinto a titi, ko masu su suka gaza riƙewa, a yi musu magani, a nema musu sabon uban gida. A Ingila abin ya daɗe, gidan Battersea da ke Landan tun 1860 yake wannan aiki. A Najeriya irin waɗannan gidaje ba su da yawa, sai a manyan birane, kuma sau da yawa likitan dabbobi ne ke haɗa mai bayarwa da mai karɓa: wannan an yi masa canjin wurin aiki, wancan mai gidan haya ya ce ko shi ko karen. Ko ta wace ƙofa ya shigo hannunka, ƙa'idar ɗaya ce.

Ya halatta in ajiye kare a gida?

Wannan ta malaminka ce. Hadisi ya ambaci karen farauta da na kiwo da na gona, malamai kuma sun yi bayani a kan na gadi. Je ka tambaya tun yanzu, kada sai dabba ta saba da ƙofarka ka zo kana neman wanda zai raba ka da ita.

Kyauta ake bayarwa?

Wani wurin kyauta, wani wurin a karɓi kuɗin rigakafi da magani. Riƙon ne ba kyauta ba. Abinci sau biyu a rana, maganin tsutsar ciki duk wata uku, allura duk shekara, har tsawon shekara goma ko fiye. In wannan lissafin ya yi maka nauyi, tsaya nan.

An ce tsintacciyar mage ba ta mage. Ba gara in sayi kwikwiyo ba?

Saya, in kana da lokacinsa. Kwikwiyo na buƙatar allura wajen sau uku tsakanin mako 6 da mako 16, kuma kafin a gama, cutar fabo mai sa amai da zawon jini tana iya kashe shi cikin kwana biyu zuwa uku. Babban kare kuwa ka ga girmansa, ka ga halinsa, ya wuce shekarun tauna takalmi. Kuma yana koyo. Kare ɗan shekara biyar yakan koyi sunansa na sabon gida cikin 'yan kwanaki in ana kiransa da shi lokacin ba shi abinci.

Me zan duba kafin in ce na karɓa?

Da farko ka je da ƙafarka, sau biyu ma in da hali. Hoto a WhatsApp cinikin biri a sama ne. Ka nemi katin rigakafi mai kwanan wata da sa hannun likita da takardar kwalbar allurar a manne. Ka tambayi dalilin da ya sa aka rabu da shi, ka tambaya kai tsaye ko ya taɓa cizon mutum, wa ya ciza, kuma yana yin me a lokacin. In mai bayarwa ya fara kame-kame, ka sami amsarka.

Sannan jikinsa. A ɗaga maka leɓensa ka ga dasashi: ja-ja mai haske ake so, in ya yi fari fat akwai ƙarancin jini, galibi daga kaska ko tsutsa. Duba cikin kunne da tsakanin yatsu, nan kaska ke maƙalewa. Duba al'aurarsa ko akwai ɗigon jini ko tsiro mai kama da tsoka, domin akwai wani ƙari da karnukan titi ke ɗauka ta barbara. Yana warkewa da allurar mako-mako, sau huɗu zuwa shida, amma gara ka sani tun a can.

Babu kati, amma sun ce an yi masa duk allurai.

Ba a yi ba. Haka za ka ɗauka. Allurar da babu takardarta babu ita, kuma maimaitawa ba ta cutar da shi. A yi masa ta ciwon haukan kare, a yi masa haɗakar nan mai kare cututtuka biyar, a sake ta bayan mako uku zuwa huɗu. Maganin tsutsa a ranar farko, a maimaita bayan kwana 14. In kana da wani kare, raba su mako biyu.

Likita ne zai yi, ba yaron da ke yawo da allura a aljihu ba. Ana ajiye waɗannan allurai cikin sanyin digiri 2 zuwa 8, wadda ta sha rana ta zama ruwan banza, ko daga cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta Vom a jihar Filato aka ɗauko ta. Abu ɗaya kuma da ake ɓoyewa: in akwai sabon raunin cizo a jikin karen da ba a san abin da ya cije shi ba, a gaya wa likita. Ciwon hauka yakan kwanta a jiki makonni, wani lokaci watanni, kafin ya bayyana, kuma allurar yau ba ta ba da tabbaci a kan cizon da ya riga ya faru.

Ina da yara ƙanana, ga awaki da kaji a tsakar gida. Zai zauna lafiya da su?

To, nan ne wurin. Duk wanda ya ce maka "e" kai tsaye, so yake ya rabu da kare.

Ya danganta da abin da karen ya taso da shi, kuma shi ne abin da ba kasafai ake samun labarinsa ba. Karen da ya girma a gida mai dabbobi yakan wuce akuya kamar bai gan ta ba. Wanda aka yi farauta da shi, ko ya rayu a bola yana kama ɓera da kaza don ya ci, gudun ɗan akuya kaɗai ya isa ya tayar masa da tsohon hali. Wani yana gyaruwa, wani sai dai a raba musu wuri har abada. Kuma halin da ka gani a gidan ceto ba lallai shi ne halinsa ba. Kare a baƙon wuri yakan yi laƙwas don tsoro. Sai ya yi mako biyu ko uku a gidanka, ya ƙoshi, ya san lungu da saƙo, sannan ainihinsa ke fitowa. Shi ya sa ake yawan jin "ai da farko salihi ne".

Ga yadda ake gwadawa. Makon farko babu haɗuwa sam, ya ji warinsu ta bayan shinge ko ƙofa. Mako na biyu ka riƙe shi da igiya, bayan ya ci abinci, ka tsaya kamar taku goma daga turken awaki, minti biyar kawai. Kalli jikinsa. In ya dube su ya kawar da kai, ya shinshina ƙasa, ka kira shi ya waiwayo, alama ce mai kyau, ba shi ɗan nama, gobe ka rage taku biyu. In kuwa ya ƙame, ya rufe baki, ya kafa musu ido ko ƙiftawa babu, ya sunkuyar da kai yana ɗaga ƙafar gaba a hankali, ka kira shi kamar da dutse kake, to ka san karin maganar kare da shinshinar takalmi. Ja da baya, ƙara nisa. In bayan wata guda bai sauya ba, ka ɗauka ba zai sauya ba, ka gina shinge. Kaji sun fi wuya, domin fuffukarsu da gudunsu suna ruɗa ko karen kirki. Akurki mai ƙofa ya fi dogara ga tarbiyya.

Yara kuwa, ko da ya ci duk wannan jarrabawa, ba a barin ƙaramin yaro shi kaɗai da kare, ko na minti ɗaya, ko don a sauke tukunya. Hajiya, wannan da ke nake. Yawancin cizon yara a gida yake faruwa, daga karen da aka sani, kuma a fuska, saboda fuskar yaro daidai bakin kare take. Dokoki uku a koya musu har su haddace: ba a taɓa shi yana ci, ba a taɓa shi yana barci, ba a rungumarsa ko hawa bayansa. Ke kuma ki koyi karanta shi. Hamma ba tare da barci ba, lasar leɓe, kawar da kai har farin ido ya fito, duk roƙo yake a ƙyale shi. In ya yi gurnani, a janye yaron, kada a doke shi. Karen da aka daka saboda gurnani yakan daina gargaɗi, gobe sai dai a ji ihu.

Akwai gidan da amsarsa a'a ce ƙarara: mai rarrafe a tsakar gida, babu wurin killace kare, kuma karen yana da tarihin cizo ko yana ƙamewa a kan kwanonsa. Wannan a bar wa gidan da babu yara. Sauran gidaje, mai yiwuwa ne, da shinge da haƙurin kamar wata uku.

Kwana biyu ke nan ya maƙale a lungu, ya ƙi ci.

Ƙyale shi. Galibi ba ciwo ba ne, baƙunta ce. Ajiye masa ruwa da abinci, ka tafi, ka hana maƙwabta zuwa kallo. Kada ka jawo shi da ƙarfi, kada ka yi masa wanka yau. In ya kai kwana uku, ko ya ƙi ruwa yini guda, ko akwai amai ko zawo, sai asibiti. A kuma kula da ƙofa: a makon farko karnukan nan suka fi gudu. Abin wuyansa ya zama yatsu biyu ne kawai ke shiga.

Duk haƙarƙarinsa a waje. In cika masa kwano?

A'a! Tausayi irin wannan yana kisa. Jikin da ya daɗe da yunwa, in aka ɗura masa abinci lokaci guda, gishirin jininsa kan rikice har zuciya ta taɓu. Fara da kashi ɗaya cikin uku na abin da ya kamata ya ci, a raba sau huɗu a yini, a riƙa ƙarawa kaɗan-kaɗan har kwana bakwai zuwa goma. Ko lafiyayye ne, tambayi abin da yake ci a can, ka sauya a hankali cikin mako: rubu'i sabo, sannan rabi, sannan kashi uku cikin huɗu. Tuwo ko shinkafa da nama ko kifi ko dafaffen ƙwai sun yi. Ragowar miya mai albasa da tafarnuwa ba ta yi ba, albasa tana fasa ƙwayoyin jininsa. Dafaffen ƙashin kaza yana tsagewa ya huda hanji. Ruwa kuwa, kare mai kilo 20 yana shan sama da lita ɗaya a rana, a zafin Afrilu ya ninka.

Kaska ta cika shi. An ce fiya-fiya ko baƙin mai.

Wa ya ce? Fiya-fiya guba ce, tana shiga ta fata, ya kuma lashe ta, sai dalala da karkarwa da mutuwa. Baƙin mai yana ƙona fata. Akwai maganin wanka da na ɗigawa a ƙeya da na haɗiya, duk gwargwadon nauyinsa ake auna su, don haka a ɗora shi a sikeli. A kuma yi wa ɗakinsa feshi, domin kaskar kare a tsagar bango take ƙwai, wadda ka gani a jikinsa kaɗan ce. Tunda ana maganar magani: kada a ba shi farasitamol ko ibuprofen na mutane.

Zai yi gadi kuwa? Ko sai na ɗaure shi ya yi zafi?

Zai yi haushi in ya ɗauki gidan nasa ne, wannan kan ɗauki makonni. Haushin shi ne gadin. Ɗauri a rana da duka da yunwa ba sa haifar da jarumi, matsoraci mai cizo suke haifarwa, kuma wanda zai fara ciza ɗan aike ne ko almajirin da ya zo karɓar abinci.

Ya ciji mutum. Yanzu fa?

A wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudana minti 15, a duba agogo. Ba toka, ba barkono, ba gashin karen. A tafi asibiti a ranar, a fara allurar ciwon haukan kare in likita ya ce, kada a jira. Karen kuma kada a kashe shi, a killace shi kwana 10 ƙarƙashin kulawar likitan dabbobi. In ya mutu ko ya canza hali a ciki, a sanar nan take, a gwada ƙwaƙwalwarsa. Ciwon nan da zarar alamunsa sun fito a jikin mutum, kusan babu mai tashi.

Na gwada, abin ya ƙi. Laifi ne in mayar?

Ba laifi ba ne, kuma gidajen ceto na kirki sukan sa sharaɗin a dawo musu da shi. Abin kunya shi ne a kai shi bayan gari a buɗe mota a tafi. Mayar da shi inda ka karɓo, da katinsa, ka faɗi gaskiyar abin da ya faru dalla-dalla: ya kama kaza, ya yi wa yaro gurnani a kan kwano, yana tsallake katanga mai tsayi kaza. Da wannan bayanin ne za su zaɓa masa gida na gaba.