Rainon ƙashi a ɗakin gwaje-gwaje

Rainon ƙashi a ɗakin gwaje-gwaje fanni ne na kimiyyar likitanci inda ake ɗebo ƙwayoyin halitta daga jikin mutum ko dabba, a dasa su a jikin wani mazauni mai ramuka kamar soso, a yi ta ciyar da su har su fara gina ƙashi mai rai. Na'urar da aka fi dogara da ita a wannan aiki ita ce ta raino mai kwararar ruwa, wadda masana ke kira bayoriyakta, domin famfonta yana tura ruwan abinci ya ratsa ramukan ciki da bai.

Dalilin nemansa

Ƙashi yana daga cikin sassan jiki da ke gyara kansu. Shi ya sa karayar da aka saba gani a ƙauyukan Kano da Jigawa, ta faɗuwa daga bishiya ko amalanke ko babur, takan haɗe idan maɗori ya daidaita ta ya ɗaure da karan ɗori. Amma idan babban yanki ya salwanta, saboda haɗarin mota ko ciwon daji ko ruɓewar ƙashi irin wadda ke yawan kama masu sikila, bakin karayar biyu ba sa iya riskar juna, kuma ɗori ba ya cike gurbi. Irin wannan rauni sai asibitin ƙashi, kamar na Dala a Kano. Abin da likitocin fiɗa suka fi yi shi ne yanko ƙashi daga ƙugun majinyacin su cike gurbin, sai dai abin da ƙugu zai iya bayarwa kaɗan ne, ga shi kuma an bar mutum da rauni na biyu.

Tarihi

A 1892 likitan Jamus Julius Wolff ya bayyana cewa ƙashi yana sauya ƙirarsa gwargwadon nauyin da yake ɗauka. A 1935 Alexis Carrel da matuƙin jirgin sama Charles Lindbergh suka ƙera famfon gilashi a Cibiyar Rockefeller da ke Amurka, wanda ke zagaya da ruwan abinci cikin sassan jikin dabba da aka cire, su ci gaba da rayuwa na kwanaki. Likitan Amurka Marshall Urist ya nuna a 1965 cewa ƙashin da aka zare wa ma'adinansa yana iya haddasa tsirowar sabon ƙashi idan an dasa shi cikin tsoka. Wajen ƙarshen shekarun 1960 zuwa farkon na 1970 kuma, Alexander Friedenstein na Tarayyar Sobiyat ya gano cewa a cikin ɓargo akwai ƙwayoyin da ke iya rikiɗa su zama masu gina ƙashi, kuma wannan binciken ne, a gaskiya, ya ba fannin irin shukarsa.

Masanan Amurka Robert Langer da Joseph Vacanti sun fayyace manufar fannin a 1993. A 2002 rukunin Antonios Mikos a Jami'ar Rice da ke Amurka ya nuna cewa ƙara gudun ruwa yana ƙara yawan ma'adinan da ƙwayoyin ke ajiyewa. A 2010 rukunin Gordana Vunjak-Novakovic a Jami'ar Kolombiya da ke birnin New York ya raini ƙashi mai siffar mahaɗar muƙamuƙin mutum cikin mako 5, a kan mazaunin da aka sassaƙa daga ƙashin saniya bayan an wanke ƙwayoyinsa.

Yadda na'urar ke aiki

Babbar matsalar ita ce iska. A cikin jiki kusan kowace ƙwaya tana dab da ƙaramar jijiyar jini, domin iskar oksijin ba ta iya kutsawa da kanta fiye da kimanin kashi 1 cikin 5 na milimita. Idan aka jiƙa mazaunin a ruwan da ke tsaye, ƙwayoyin gefe ne ke bunƙasa su toshe ramuka, na tsakiya su mutu. Manomin rani a Kadawa ya san makamancin wannan: ruwan da ya tsaya a bakin fangali ba ya amfanar shukar da ke can ƙarshensa.

Don haka ake matse mazaunin cikin ƙaramin akwati ta yadda ruwan ba shi da hanya sai ta cikinsa. Ruwan yana kai abinci da iska, yana kwashe dattin da ƙwayoyin ke fitarwa, sannan gogar da yake yi musu tana kama da abin da suke ji a ƙashin mai tafiya, wanda ke zaburar da su ga aiki. Idan gudun ya yi yawa kuwa, yakan ɓamɓare su. Ana ajiye komai a zafin digiri 37, wato zafin jikin mutum, ana kuma zuba bitamin C da maganin deksametason da wani sinadarin fosfet a ruwan.

Akwai kuma wasu na'urorin rainon, kamar kwalba mai motsa ruwa, da kuma ganga mai juyawa wadda hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, NASA, ta ƙirƙiro, amma su ruwan da ke wajen mazaunin suka fi motsawa.

Matsayinsa a yau

Yawancin aikin yana matakin gwaji ne a kan dabbobi, gwaji a jikin mutane kuwa bai yi yawa ba. Tsada da tsawon makonnin raino suna kawo cikas, haka ma wahalar samar wa babban yanki jijiyoyin jini bayan dashe. Masana ba su daidaita ba kan gudun ruwan da ya fi dacewa.