Waiwaye: Yadda tsofaffin Birtaniya suka cika gaɓar tekun Sifaniya

Kafin shekarun 1960, Benidorm ƙauyen masunta ne a lardin Alikante. Da gwamnatin Janar Franko ta buɗe tattalin arzikin Sifaniya a 1959, sai 'yan yawon buɗe ido suka fara tururuwa. Da yawa daga cikin 'yan Birtaniya da suka zo hutun mako biyu sun koma gida da ƙudurin dawowa idan sun yi ritaya, saboda rana da arahar gida, ga shi kuma sanyi na tayar wa tsoho ciwon gaɓoɓi. Shigar Sifaniya ƙungiyar Turai a 1986 da jiragen araha irin su easyJet da Ryanair sun ƙara sauƙaƙa lamarin.

Daga ƙarshen shekarun 1990 zuwa 2007 aka yi rububin gini, kuma a nan mafi yawan matsalolin suka samo asali. Ƙananan hukumomi sun riƙa ba da izinin gini a filayen noma, daga baya gwamnatin yanki ta ce izinin haramtacce ne. A Marbela almundahanar ta kai ga rusa majalisar garin a 2006, an kuma bar dubban gidaje ba sahihan takardu. A garin Bera na lardin Almeriya, an rushe gidan wasu ma'aurata 'yan Birtaniya a Janairun 2008, alhali suna riƙe da izinin ƙaramar hukuma. A yankin Balensiya kuwa, dokar filaye ta 1994 ta bai wa kamfanonin gini damar yanke wani ɓangare na filin mutum, sannan a caje shi kuɗin titi da magudanar ruwa. Sai dokar gaɓar teku ta 1988, wadda ta taƙaita gini a mita 100 daga bakin ruwa.

Rikicin kuɗi na 2008 ya zo musu ta fuska biyu. Farashin gidaje ya faɗi da kusan kashi ɗaya bisa uku, fam kuma, wanda ya kai yuro ɗaya da rabi a 2007, ya kusa zama daidai da yuro a ƙarshen 2008. Mai karɓar fansho da fam yana cefane da yuro ya ji a jikinsa. Waɗanda suka biya kafin alƙalami a gidajen da ba a gina ba sun yi ta shari'a, sai a Disambar 2015 Kotun Ƙoli ta ɗora alhakin mayar da kuɗin a kan bankunan da suka karɓa ba tare da lamunin da dokar 1968 ta tanada ba.

Ficewar Birtaniya daga Tarayyar Turai ta sauya komai daga Janairun 2021. Mallakar gida ba ta ba da izinin zama. Kwana 90 ne kawai cikin kowane 180 ɗan Birtaniya zai iya zama ba tare da biza ba. Mai son zama dindindin sai ya nemi bizar da ba ta yarda a yi aiki ba, ya nuna kuɗin shiga kusan yuro 2,400 a wata da shaidar inshorar lafiya. Bizar masu zuba jari, wadda tun 2013 ake ba wanda ya sayi gidan yuro 500,000, an soke ta a Afrilun 2025.

Abin da masu saye suka koya, bayan an sha wuya, shi ne ɗaukar lauyan da ba na dillali ko na mai gini ba. Shi zai nemo lambar shaidar baƙo ta NIE, ya ciro takardar nota simple daga rajistar filaye don ganin mai gidan na ainihi da bashin da ke kansa, domin a Sifaniya bashin harajin gida da kuɗin unguwa gidan suke bi, ko da ya canja hannu. Zai kuma tabbatar akwai lasisin shiga gida. Kafin alƙalami yawanci kashi 10 cikin 100 ne: mai saye ya fasa ya yi asara, mai sayarwa ya fasa ya biya ninki biyu. Haraji da kuɗin notari (jami'in da ke tabbatar da takardun ciniki) da na lauya kan ƙara kashi 10 zuwa 14 a kan farashi. Wanda kuma ya wuce kwana 183 a ƙasar cikin shekara ya zama mai biyan haraji a can, dole ya bayyana kadarorinsa na waje da suka haura yuro 50,000.