Jinkirin Intanet na Tauraron Ɗan'adam da Ƙorafin Kwastomomi

Intanet na tauraron ɗan'adam hanya ce ta samun sabis ta faranti da ake kafawa a kan rufi ko a tsakar gida, ba tare da an ja waya ba. Mafi yawan masu amfani da shi mazauna karkara ne da ma'aikatun da ke nesa da gari. Ƙorafi biyu ne suka daɗe suna bin wannan fasaha: nawar sabis, da wahalar samun mai sauraron kwastoma idan abu ya lalace.

Tarihi

Kamfanin Hughes na Amurka ya fara sayar wa gidaje da irin wannan sabis wajen shekarar 1996 da sunan DirecPC. A lokacin faranti karɓa kawai yake yi, abin da mutum zai aika kuwa sai ya bi ta layin tarho. WildBlue ya shigo kasuwa a 2005, Viasat ya saye shi a 2009, sannan ya harba tauraron ViaSat-1 a watan Oktoban 2011. Dukkansu sun dogara ne da manyan taurari da ke tsaye a wuri guda, kilomita 35,786 daga doron ƙasa.

A Najeriya, kafin isowar wayoyin ƙarƙashin teku na Main One da Glo-1 a 2010, bankuna da jami'o'i da shagunan intanet da dama da ƙaramin farantin tauraro da ake kira VSAT suke aiki, ga tsada ga nawa. Tauraron gwamnati na NigComSat-1 da aka harba a watan Mayun 2007 ya mutu a Nuwamban 2008 saboda matsalar farantinsa na hasken rana, aka maye gurbinsa da NigComSat-1R a Disamban 2011.

Starlink na kamfanin SpaceX ya ɗauki wata hanya dabam: dubban ƙananan taurari da ke shawagi a tsayin kusan kilomita 550. Ya soma aiki a Najeriya a farkon 2023, ita ce ƙasa ta farko a Afirka, a Nijar kuma a 2025.

Dalilan jinkiri

Na farko nisa ne, kuma babu dabarar da za ta kawar da shi a tsohon tsari. Idan mutum ya latsa shafi, saƙon zai hau zuwa tauraro, ya sauka tashar kamfani, amsar ta sake hawa ta sauko. Tafiyar kusan kilomita 143,000 ke nan, ko da saurin haske ma tana cin kusan rabin daƙiƙa. Shi ya sa a kiran bidiyo za ka ji mutum biyu suna cin karo da maganar juna, kowa ya yi shiru, sai kuma su sake farawa tare.

Na biyu cunkoso. Kowane tauraro yana da iyakar abin da zai ɗauka a yanki guda, kuma da maraice, lokacin da kowa ke kallon bidiyo, rabon kowane gida raguwa yake yi. Wannan ya shafi har Starlink. A 2022 hukumar sadarwa ta Amurka, FCC, ta hana shi tallafin kusan dala miliyan 885, kuma raguwar gudun sabis na cikin hujjojinta. A ƙarshen 2024 kamfanin ya dakatar da karɓar sabbin gidaje a Legas da Abuja da Nairobi saboda layin ya cika.

Akwai kuma ruwan sama. Hadari mai ƙarfi yana shanye sigina, sabis ya ɗauke har sai ruwa ya tsagaita. Tsofaffin kamfanoni sukan shaƙe gudun da gangan idan kwastoma ya cinye datarsa ta wata.

Kula da kwastoma

Nan ne lamarin ya fi ciwo, domin wanda ya koma ga tauraro galibi ba shi da wani zaɓi, kuma kamfanonin sun san haka. Masu amfani da HughesNet, sabis ɗin kamfanin Hughes, sun sha kokawa kan kwantiragin wata 24 da tarar da ake ɗora wa mai son fita kafin wa'adi, da jiran ma'aikacin gyara da zai taso daga nesa. Starlink kuwa ya gina tsarinsa ne a kan rubuta ƙorafi a cikin manhaja a jira amsa, alhali mai ƙorafin sau da yawa intanet ɗin ne ya ɗauke masa.

A Oktoban 2024 Starlink ya ɗaga kuɗin wata a Najeriya daga naira 38,000 zuwa 75,000. Hukumar sadarwa ta Najeriya, NCC, ta ce ba ta amince ba, kamfanin ya jingine ƙarin a lokacin.

Muhawara

Kamfanonin sun ce ƙarin taurari da tashoshin ƙasa za su rage cunkoso. Masu suka na ganin ana sayar da farantai fiye da abin da layin zai iya ɗauka.