Ma'anar "Faɗuwar Sukari Mai Jinkiri" da Haɗarin Barasa ga Mai Ciwon Sukari

Duk mai ciwon sukari ya saba jin kalmar "hawan sukari", domin da ita ake yi masa kashedi tun ranar da aka tabbatar masa da cutar, kuma a kanta ake gina dokokin abincinsa da na magungunansa. Akwai kuma kishiyarta wadda ba a cika tsayawa a yi masa bayaninta ba, alhali ta fi ta saurin kisa, wato "faɗuwar sukari", wadda likitoci ke kira haifogilaisimiya. Ana cewa sukari ya faɗi idan na'urar gwaji ta nuna ƙasa da miligiram 70 a kowace desilita ta jini, daidai da milimol 3.9 a lita, idan kuwa ya sauka ƙasa da 54 to al'amarin ya yi tsanani, domin ƙwaƙwalwa ta fara rasa abincinta. Ana ƙara mata siffar "mai jinkiri" ne idan ba ta biyo bayan sanadinta nan take ba, sai bayan awanni masu yawa, lokacin da mutum ya riga ya saki jiki. Barasa na cikin manyan abubuwan da ke haddasa irin wannan faɗuwa, kuma haɗarin yana iya kaiwa awa 24 bayan kurɓar ƙarshe.

Ba za a fahimci dalilin wannan jinkiri ba sai an san aikin hanta. Ƙwaƙwalwar babban mutum tana cin kimanin giram 120 na sukari a rana, ba ta da wurin ajiya na kirki, kuma ba ta daina ci ko da mutum yana barci. Hanta ce ke ciyar da ita tsakanin wannan abinci da na gaba, ta hanya biyu. Ta farko, tana da rumbu inda take tara sukari a wata siffa da ake kira gilaikojin, wadda masanin nan ɗan Faransa Claude Bernard ya gano a 1857, kuma abin da ke cikin rumbun bai wuce kimanin giram 100 ba, don haka yini guda na rashin abinci ya isa ya kusan ƙarar da shi. Ta biyu, idan rumbun ya yi ƙasa, hanta tana ƙera sabon sukari daga wasu sinadarai da tsoka da kitse ke sakar mata. Wannan hanya ta biyu tana da babban kaso wajen riƙe mutum a ƙarshen dare, kafin gari ya waye ya karya.

Ita ce kuma barasa ke toshewa. Jiki ba ya iya ajiye barasa, yana ɗaukarta tamkar guba, saboda haka da ta shiga jini sai hanta ta ajiye sauran ayyukanta ta koma kanta, kuma sarrafa barasar yana cinye sinadaran da ake buƙata wajen ƙera sabon sukari. Hanta ba ta gaggawa a wannan aiki, domin abin da take iya kawarwa a awa guda bai wuce kimanin ma'auni ɗaya ba, wato kamar mililita 350 na giya, ko 150 na ruwan inabi mai sa maye, ko 45 na barasa mai ƙarfi. Wanda ya sha ma'auni biyar da daddare, hantarsa za ta raba dare tana wannan fama.

Ga mai lafiya abin yakan zo da sauƙi, domin da sukarinsa ya fara sauka sai fankiriyas, gaɓar da ke bayan tumbi wadda ke samar da insulin, wato sinadarin da ke sauko da sukarin jini, ta rage abin da take fitarwa. Mai ciwon sukarin da ya yi allurar insulin ba shi da wannan gata, domin abin da ya shiga ƙarƙashin fata ba ya dawowa, zai ci gaba da tura sukari daga jini zuwa tsoka ko da jinin ya kusa ƙarewa da shi. Haka ma mai shan ƙwayoyi irin su gilibenkilamaid da gilimefiraid da gilikilazaid, waɗanda ke tilasta wa fankiriyas fitar da insulin ko akwai buƙata ko babu. Magani yana kwashe sukari ta gaba, barasa ta rufe ƙofar da ake shigo da sabo ta baya.

Abin da ya fi ruɗar da mutane shi ne farkon lamarin hawa ne, ba faɗuwa ba. Giya tana ɗauke da sitaci, wasu nau'o'in ruwan inabi suna da zaƙi sosai, barasa mai ƙarfi kuma sau da yawa ana gauraya ta da lemon kwalba. A ɗauki misalin mutumin da ya sha da ƙarfe tara na dare ba tare da ya ci abincin kirki ba. Kafin ya kwanta ya soki yatsa, na'ura ta nuna masa 230, sai ya ga ya kyauta ya ƙara insulin don ya sauko da shi. Zuwa ƙarfe uku na dare zaƙin abin da ya sha ya riga ya wuce, insulin na kan ganiyar aikinsa, hanta kuwa ba ta gama da barasa ba. Gumi ya jiƙa masa riga da matashi, zuciyarsa tana bugawa da sauri, hannuwansa suna karkarwa, amma nauyin barcin maye bai bar shi ya farka ya nemi abin da zai sa a baki ba. A daren da bai sha ba, waɗannan alamu da kansu za su iya tashinsa.

Ko a farke yake, matsalar ba ta ƙare ba, kuma wannan ne ɓangaren da ya fi tayar mini da hankali. Alamun faɗuwar sukari da na maye kusan iri ɗaya ne: harshe ya harɗe, tafiya ta koma tangaɗi, ido ya yi dishi-dishi, mutum ya rikice ko ya yi ta faɗa ba dalili, daga nan ya ɓingire. Waɗanda ke tare da shi sun ga yana sha, suna kuma jin warin barasa a bakinsa, saboda haka hukuncin da za su yanke a bayyane yake, za su ce ya bugu, a kwantar da shi ya yi barci ya wartsake. Mai maye yana iya wartsakewa da barci, amma wanda sukarinsa ya faɗi barcin na iya zarcewa da shi zuwa jijjiga, ko doguwar suma, ko lalacewar ƙwaƙwalwa, ko mutuwa. Shi kansa ba zai iya bambancewa ba, domin barasa tana dusashe gargaɗin da jiki ke bayarwa, kuma gaɓar da zai yi tunani da ita ita ce ke cikin yunwa.

Daga nan ne wata gurguwar fahimta ta samo asali, inda za ka ji ana cewa tunda barasa tana saukar da sukari, ai taimako ce ga wanda nasa ke hawa. Wannan magana ba ta da tushe. Saukar da magani ke yi aunanniya ce, an san lokacinta da iyakarta, ta barasa kuwa babu mai iya cewa yaushe za ta zo ko ina za ta tsaya. Idan kuma aka dubi watanni da shekaru, yawan sha ƙara dagula hawan sukari yake yi. Kowane giram na barasa yana ɗauke da kalori 7, kusa da na mai da ke da 9, sama da na sukari da ke da 4, ga shi tana buɗe ciki ta kuma raunana kamun kai, mutum ya ci abin da ya san an hana shi, ya manta da magani, ya daina gwaji. Tana ƙara hawan jini da kitsen da ke yawo a jini, tana kuma lalata jijiyoyin ƙafa waɗanda ciwon sukari ya riga ya fara ci, har zafi da dindiris su ƙaru, rauni ya samu mutum bai ji ba. Yawan sha yana cikin manyan sanadan kumburin fankiriyas, kuma idan kumburin ya daɗe yana kashe ƙwayoyin da ke samar da insulin, har wanda ba shi da ciwon sukari ya kamu da shi ta wannan hanya.

Mai shan metfomin, maganin da aka fi ba masu nau'i na biyu na cutar, wato waɗanda jikinsu ba ya amfani da insulin yadda ya kamata, ba ya cika fuskantar faɗuwar sukari daga maganin shi kaɗai, amma haɗa shi da sha mai yawa yana ƙara haɗarin taruwar sinadarin laktik a jini, matsalar da ba ta cika faruwa ba amma tana kisa, musamman ga mai raunin ƙoda ko hanta. Mai nau'i na ɗaya kuma, wato wanda jikinsa ba ya samar da insulin, idan amai ya kama shi bayan sha, ya daina ci ya kuma tsallake insulin, jininsa na iya yin tsami da sinadaran kiton, wanda shi ma sai an kwantar da shi a asibiti.

Ƙungiyoyin masu kula da ciwon sukari sukan ce wanda ya zaɓi ya sha kada ya wuce ma'auni ɗaya a rana idan mace ce, biyu idan namiji ne, kada ya sha da cikin wofi ko bayan motsa jiki mai tsanani, ya gwada jininsa kafin ya kwanta da kuma washegari, kuma kada ya ƙara insulin da daddare don ya ga lamba ta hau. Wannan iyaka ce ta rage ɓarna, ba shaidar aminci ba, kuma a Janairun 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa babu wani adadin barasa da za a ce ba ya cutar da lafiya. A ganina, ga mai allurar insulin, ko mai ciwon jijiya, hanta, ƙoda ko fankiriyas, ko mai juna biyu, ko wanda sukarinsa ke faɗuwa bai ji alama ba, bari gaba ɗaya shi ne kawai abin da ke da ma'ana. Sai dai wanda ya daɗe yana sha da yawa kullum ya nemi likita kafin ya yanke, domin dainawa farat ɗaya tana iya jawo masa karkarwa da jijjiga.

Idan aka ga mai ciwon sukari ya sha kuma ya rikice, a ɗauka sukarinsa ne ya faɗi har sai gwaji ya nuna akasin haka. Muddin yana iya haɗiya, a ba shi giram 15 na sukari mai saurin shiga jini, kamar cokali babba ɗaya na sukari ko zuma, ko rabin kofi na ruwan 'ya'yan itace, a jira minti 15 a sake gwadawa, a maimaita idan bai kai 70 ba, sannan ya ci abinci mai riƙe ciki, kuma kada a bar shi ya kwana shi kaɗai. Idan ya suma, kada a ɗura masa komai a baki domin zai iya shaƙewa, a kwantar da shi a gefensa a gaggauta kai shi asibiti. A faɗa wa ma'aikatan lafiya abu biyun tare, cewa yana da ciwon sukari kuma ya sha barasa, ba tare da ɓoye na biyun don kunya ba, domin allurar gulukagon da ake ceto da ita tana aiki ne ta hanyar umartar hanta ta buɗe rumbunta, kuma idan rumbun ya riga ya ƙare ba za ta yi tasiri ba, sai an sa masa ruwan sukari ta jijiya.